Yadda ake shirya majigin finafinan tarihin Rasha a Kaduna

Duk wanda ya taɓa kunna wa ɗalibai ko 'yan ƙungiyar unguwa fim ɗin tarihi na ƙasar waje ya san inda gizo ke saƙar: minti goma na farko kowa ya zuba ido, kafin rabin awa rabin ɗakin ya koma latsa waya. Finafinan gaskiya na Rasha, wato waɗanda aka ɗauki ainihin mutane da ainihin abin da ya faru, sun fi saurin gundurar jama'a, don harshen baƙo ne, sunayen dogaye ne, tarihin kuma ba a cika koyar da shi a makarantunmu ba. Maganin tsoho ne. A zamanin En'e motar majigi ba ta fita sai da mai bayani, wanda zai tsaya gefen allo da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani. Shi za ku dawo da shi, sauran aikin duk share masa fage ne.

Wane fim za a fara da shi

A Kaduna, ku fara da Turksib, wanda Viktor Turin ya yi a 1929. Fim ne marar magana, tsawonsa kusan awa ɗaya, a kan shimfiɗa layin dogo na fiye da kilomita 1,400 da ya haɗa Turkistan mai noman auduga da Siberiya mai hatsi da katako. Akwai ayarin raƙuma da guguwar rairayi ta rutsa da shi, akwai fari, akwai makiyaya a kan dawakai da raƙuma suna tsere da jirgin farko da suka taɓa gani. Garin da jirgin ƙasa ya raya, wanda masaƙun Kakuri suka ciyar da dubban gidaje a cikinsa, ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane wannan labari. Mai bayani ya ambaci layin Baro zuwa Kano da ya isa Kano a 1911, wanda Turawa suka shimfiɗa da kwaɗayin auduga sai gyaɗa ta cika taragu, za ku ga dattawa sun gyara zama.

Na biyu a sauƙin shiri shi ne Blokada na Sergei Loznitsa, minti 52, babu mai sharhi ko kaɗan. An haɗa shi kimanin shekara 60 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga hotunan da aka ɗauka lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya na kwana 872, daga Satumbar 1941 zuwa Janairun 1944. Mutane na ɗiban ruwa daga ramin ƙanƙara a tsakiyar titi, wasu na jan gawa a kan katakon sulu. Akwai abu ɗaya da ya wajaba a faɗa wa masu kallo: hotunan asali ba su da sauti, takun ƙafa da ƙarar mota da kukan da ake ji duk daga baya aka ɗora su.

Kada ku buɗe da shahararren fim ɗin Dziga Vertov na 1929, wanda ake samu da sunan Man with a Movie Camera, duk da cewa masana da mujallar Sight and Sound ta tambaya a 2014 sun sa shi a gaba cikin finafinan gaskiya. Ba shi da labari, ba shi da rubutu, hotuna ne ke gudu kamar walƙiya, kuma a cikinsa akwai haihuwa a fili da mata a bakin teku. Ya dace da ajin masu koyon ɗaukar hoto da tace fim, bai dace da taron unguwa ba. Haka Obyknovenny Fashizm na Mikhail Romm, 1965: ya haura awa biyu, Romm da kansa yake magana daga farko har ƙarshe cikin ba'a da gatse, ga gawarwaki tsirara na sansanonin Hitila. An raba shi babi-babi, don haka ku yanka shi dare biyu, ga manya kawai. In kuna son rayuwar yau da kullum, akwai Happy People na 2010, wanda Werner Herzog ya taƙaita daga aikin Dmitry Vasyukov, a kan mafarautan ƙauyen Bakhta a bakin kogin Yenisei: sassaƙa kwalekwale, ɗana tarko, hayaƙin korar sauro.

Kamfanin Mosfilm na da tasha a YouTube da ya zuba tsofaffin finafinansa kyauta, da yawa da fassarar Turanci. In kuna bincike, ku kwafi kalmar кинохроника, wato hotunan labarai na da, ku haɗa da shekarar da kuke nema. Sababbin finafinai suna da masu su, kuma kiɗan da aka ɗora wa tsohon fim marar magana ma sau da yawa yana da nasa mai shi daban. In za a karɓi kuɗin ƙofa, sai an rubuta an nemi izini.

Takardar mai bayani

Mutum biyu su kalli fim ɗin sau biyu kafin ranar. Kallo na farko a bar shi ya tafi. A na biyu a riƙe biro, a rubuta minti da daƙiƙar duk wurin da za a yi magana, da duk wurin da za a tsallake saboda yara ko mata da surukai a wuri ɗaya. Takardar kada ta wuce shafi biyu. A fim marar magana, mai bayani ya karanta rubutun da ke fitowa a allo da Hausa, ya ƙara jimla ɗaya ko biyu, ya yi shiru. Wanda ya cika surutu yakan kashe fim, musamman Blokada, inda shirun ne ke aiki.

Abubuwa uku ne ke rikita masu kallo kullum. Na farko sunan gari: Sant Fitasbag ta koma Petrograd a 1914, ta koma Leningrad a 1924, ta dawo sunanta na asali a 1991, duk gari ɗaya ne; Stalingrad kuma ita ce Volgograd tun 1961. Na biyu kwanan wata: juyin juya halin da ake kira na Oktoba ya faru ran 25 ga Oktobar 1917 a tsohuwar kalandar Rasha, wato 7 ga Nuwamba a tamu, tazarar kwana 13, sai a Fabrairun 1918 suka sauya. Na uku sunan mutum: Barashe na da sunansa, da sunan mahaifinsa, da na zuri'a. In aka ce Vladimir Ilyich, Lenin ake nufi, kamar a ce wane ɗan wane. Mai bayani ya zaɓi suna ɗaya ya riƙe shi har ƙarshe.

Sai babban aikin, wanda aka fi tsallakewa. A Tarayyar Sobiyat gwamnati ce ke da kamfanonin fim, ita ke biya, ita ke tacewa. Don haka a kan kowane fim a rubuta wa mai bayani wa ya biya, a wace shekara, da abin da aka bari a waje. Turksib na nuna makiyayan Kazak suna murna da jirgi. Abin da ya biyo bayan fim ɗin kuwa, daga 1930 zuwa 1933 tilasta musu zama wuri ɗaya da ƙwace dabbobinsu ya jawo yunwar da ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya. Finafinan yaƙi galibi suna fara lissafi daga 22 ga Yunin 1941, ranar da Jamus ta kawo hari, su haɗiye yarjejeniyar da Stalin ya ƙulla da Hitila a Agustan 1939. Hoton nan na dandazon mutane suna afka wa Fadar Hunturu ta sarakunan Rasha a juyin juya halin 1917, wanda ake yawan sakawa kamar na gaske, daga fim ɗin kwaikwayo na Eisenstein ne da aka shirya shekara goma bayan abin. Ko aikin Esfir Shub na 1927 kan faɗuwar gidan sarautar Romanov, wanda hotunansa na ainihi ne, jerin da ta yi musu hukunci ne: masu mulki na shagali, nan take sai talaka na haƙa rami. Wannan awo ya hau kan finafinan tashoshin gwamnatin Rasha na yau, ya kuma hau kan na Amurka da Ingila a kan Rasha. Haka nan a lura da kalmar "na Rasha": fim ɗin Vertov kamfanin Yukren ne ya yi shi, Loznitsa ma ɗan Yukren ne.

In sai an yi rubutun ƙasan allo

Fim mai yawan magana ya fi ƙarfin mai bayani shi kaɗai. Ku samo fayil ɗin fassarar Turanci mai ƙarshen srt, ku buɗe shi a Subtitle Edit, manhaja ce ta kyauta, ku maye gurbin kowane layi da Hausa ba tare da taɓa lokutan ba. Layi biyu ne iyaka a allo, kowanne kada ya wuce harafi 42, ya tsaya tsakanin daƙiƙa 1 zuwa 6. Hausa ta fi Turanci tsawo a rubuce, don haka ma'ana za ku ɗauko, ku zubar da kwalliya. Wajen adanawa ku zaɓi UTF-8, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su fito alamar tambaya ko akwatuna. In rubutu ya riga magana ko ya makara da tazara iri ɗaya, maɓallan G da H a manhajar kunna fim ta VLC na gyarawa. In kuwa ya fara daidai yana ƙara zamewa, to an yi fassarar a kan kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naku kuma 23.976 ne, sai a sauya a cikin Subtitle Edit. Da an gama, ku manna rubutun a jikin fim da manhajar HandBrake, don majigi da yawa ba sa karanta fayil na daban daga filashi.

Daren kallo

Majigi mai hasken lumen 3,000 ya isa tsakar gida ko aji bayan duhu ya yi. Farin yadi mai kauri, faɗin mita 2 da rabi, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu ya miƙe tamau, a sa baƙin kyalle ko bango a bayansa don kada haske ya zarce. Tsofaffin finafinan nan kusan murabba'i suke, 4:3. In aka bar majigi a 16:9 fuskoki za su baje kamar an danne su. Majigi mai ƙwai na cin wajen wat 300, ƙaramin janareta zai ɗauke shi da kwamfuta da sifika ɗaya, amma ku sa UPS a tsakani, don in wuta ta ɗauke farat ɗaya fanka ta tsaya ƙwan na da zafi, kwanansa na raguwa. Janareta ya yi nisan mita 20 aƙalla, a bayan gini. Sauti ya fita daga kwamfuta zuwa sifika ta waya. Bluetooth na jinkirta murya. Makirfon mai bayani ya zauna a bayan sifika, in ya shiga gabanta sai ƙara.

A fara bayan isha'i, a tashi kafin goma, don masu komawa Kawo ko Rigasa ko Sabon Tasha su sami abin hawa. Daga Mayu zuwa Oktoba ku nemi ɗaki, hadarin Kaduna ba ya sallama. Da hunturu kuma ku kakkaɓe matatar iskar majigi kafin kowane kallo, ƙura na toshe ta ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar fim. A sanar da mai unguwa ko hukumar makaranta tun da wuri, a faɗi sunan fim da abin da ke ciki.

A bar minti 20 na tattaunawa, da tambaya ɗaya da aka shirya, misali: wa aka nuna a fim ɗin nan, wa aka ɓoye? In akwai dattijon da ya yi karatu a Mosko a zamanin tallafin Sobiyat, ko ya yi aiki da Rashawa a Ajaokuta, ko ya saba sauraren sashen Hausa na Rediyon Mosko, a gayyace shi da takarda, a ba shi kujerar gaba, a kuma gaya masa tun kafin a fara cewa minti biyar gare shi.