Yadda Ake Gano Abin Da Ya Hana Sabuwar Kwamfutar Da Ka Haɗa Tashi

Ka yi wata da watanni kana tara kuɗi, ka sayo kayan ɗaya bayan ɗaya, ka zauna tun la'asar har aka yi isha'i kana ɗaure noti. Ka danna maɓalli, shiru kake ji. Ko kuma fankoki su kama juyi, fitilu su kawo, amma monita ta tsaya baƙi ƙirin. Na san yadda gaba yake faɗuwa a lokacin, kuma abin da zuciya take fara raya wa mutum shi ne an sayar masa da mataccen kaya. To, a cikin kwamfutocin da suka biyo ta hannuna a wannan hali, kaɗan ne ƙwarai aka tarar wani abu ya mutu da gaske. Galibi waya ce ba ta shiga ba, ko ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, bai zauna ba. Kada ka yi saurin kwasar kaya ka koma kasuwa.

Abin da nake roƙonka shi ne ka riƙa canza abu ɗaya tak, ka gwada, sannan ka matsa gaba. In ka cire ram, ka sauya waya, ka taɓa katin hoto, wato wanda yake aika wa monita hoto, duk a lokaci guda, ko ta tashi ba ka san abin da ya gyaru ba, gobe kuma ta sake yi maka. Duk lokacin da za ka sa hannu ciki, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa goma don ragowar wutar ta zube, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin. Da hunturu ka ƙara kula. Wannan ɗan tartsatsin da yake cizon yatsa in ka kama hannun ƙofa ya isa ya illata ram.

Idan ko motsi ba ta yi ba

Fara daga bango. Jona caja ko fanka a soket ɗin ka ga ko akwai wuta. Sai ka leƙa bayan fawafak, wato akwatin da yake raba wa kwamfuta wuta: maɓallinsa ya kasance a kan I, ba a kan O ba. Tsofaffin fawafak da wasu masu araha suna da wani ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu a Najeriya 230, ta Nijar 220. In kayan na hannu ne da aka shigo da shi daga can, ka mayar da maɓallin kan 230 tun kafin ka jona, domin in ya sha wutarmu yana kan 115, ƙara ɗaya zai yi da hayaƙi, shi ke nan.

Daga nan sai wayoyi biyu da suke ciyar da madabod, babban allon da komai yake zaune a kansa. Ta farko ita ce mai faɗin nan mai rami 24. Tana da tauri, sau da yawa gefe ɗaya ya shiga, ɗayan yana sama. Tallafi allon da yatsa, ka danna har ƙugiyarta ta kama. Ta biyu mai rami 8 ce, tana can ƙuryar sama ta hagu, ita take kai wa furosesa, wato CPU mai sarrafa duk aikin kwamfuta, wuta, kuma ita aka fi mantawa saboda wurin yana da matsi. Wani ƙanena ya kwana biyu yana fama, har ya fara shirin mayar da allon. Da na haska ƙuryar da tocilan sai ga ramin fayau, wayar kuwa tana naɗe a bayan akwati da ɗaurinta na kamfani. Ka lura, wannan waya tana kama da ta katin hoto, amma ba ɗaya ba ne. Ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, an rubuta mata CPU. Ta katin hoto tana rabuwa 6 da 2, an rubuta mata PCIe. In fawafak ɗinka irin wanda ake cire wayoyinsa ne, kada ka kuskura ka ara masa wayar wani fawafak ko da bakin ya shiga, don tsarin cikin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Har yanzu shiru? To, wataƙila maɓallin gaban akwati ne bai isar da saƙo ba. 'Yan siraran wayoyinsa suna shiga wani gungun ƙananan allurai a ƙasan allon ta dama. Buɗe littafin madabod ka nemo allurai biyu na PWR_SW. Zare wayar, ka jona wuta, ka haɗa alluran biyu da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. In ta tashi, ka san wayar ce ka sa ba a gurbinta ba, ko maɓallin ne ya lalace.

In wannan ma bai yi ba, sai a gwada fawafak shi kaɗai. Zare shi daga komai, ka lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda, ka haɗa ramin koriyar waya da na baƙa a jikin mai rami 24, wato rami na 16 da na 17, sannan ka kunna. In wayoyin duka baƙaƙe ne, ka bi zanen da yake littafinsa, ban da canki-canki. Wasu sababbin fawafak fankarsu ba ta juyi sai sun ɗauki nauyi, don haka mita ce za ta raba gardama: layin volt 12 ya ba da tsakanin 11.4 da 12.6. Shi kansa fawafak kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi.

Fankoki suna juyi, amma babu hoto

Nan ne mafi yawan mutane suke maƙalewa. Kafin BIOS, wato ɗan shirin da yake cikin madabod mai tayar da kwamfuta, ya nuna maka komai, sai ya bi furosesa, ram da katin hoto ya tabbatar kowa yana amsawa. In ɗaya ya yi shiru, sai ya tsaya nan, kai kuma kana kallon baƙar monita.

Duba inda wayar monita ta shiga. In kana da katin hoto, a jikinsa za ta shiga, can ƙasa, ba a ramin HDMI na madabod da ke sama ba. Ramin sama yana aiki ne kawai in furosesar tana iya fitar da hoto da kanta. Na Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-12400F, ba sa iyawa. Haka Ryzen 5 3600 da 5600X, amma 5600G tana iyawa. Wanda ya sayi irin waɗancan bai sayi katin hoto ba, ko shekara zai yi ba zai ga hoto ba, alhali komai lafiyarsa ƙalau. Ka kuma tabbatar monitar tana kan mashigar da ka jona.

Sannan ka yi haƙuri. In ram ɗinka DDR5 ne, musamman a alluna masu gurbin furosesa na AMD da ake kira AM5, tashin farko yakan ɗauki mintuna, domin allon yana auna ram ɗin yana daidaita kansa da shi, wani lokaci har ta mutu ta sake tashi da kanta. Ba ta minti biyar zuwa goma kafin ka yanke mata hukunci.

Yawancin allunan zamani suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe: CPU (furosesa), DRAM (ram), VGA (katin hoto), BOOT (faifan tashi). Suna kamawa bi da bi, wadda ta tsaya a kunne ita ce take nuna maka inda tafiyar ta tsaya. In allon ba shi da su, nemi ɗan ƙaramin lasifikan nan mai rami huɗu ka jona. Ƙara ɗaya gajeriya yawanci lafiya ke nan. Sauran ƙararrakin ma'anarsu ta bambanta daga allo zuwa allo, sai ka duba littafin.

Ni dai ram nake fara zargi kullum. Cire su duka, ka bar guda ɗaya a gurbi na biyu in ka ƙirgo daga furosesa, wanda aka rubuta wa A2. Daidaita tsagar da ke ƙasansa da ta gurbin, ka danna gefe biyu da manyan yatsu har ka ji ƙas. Yana buƙatar ƙarfi fiye da yadda sabon shiga yake zato, kuma allunan da ƙugiyarsu gefe ɗaya ce sun fi yaudara, don sama ya kama, ƙasa yana reto. In bai yi ba, gwada ɗayan a wannan gurbi, sannan ka sauya gurbi. Guda biyu kuwa A2 da B2 ne wurinsu a yawancin alluna. In ka ga tsagar ta ƙi daidaita, tsaya. DDR4 da DDR5 duka ƙafa 288 gare su, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kuma alluna masu gurbin furosesa na Intel da ake kira LGA1700 wasu na wannan ne, wasu na wancan.

Katin hoto shi ma a cire a mayar har ƙugiyar gurbin ta kama, a cike duk ramukan wutarsa. Bayan haka sai a goge saitin BIOS: zare wuta, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar.

Akwai kuma matsalar da babu wayar da za ka danna ta warware, wato allon ya girmi furosesar. Ryzen 5000 ta fito a Nuwamban 2020, allon B450 da aka ƙera kafin nan bai san ta ba sai an sabunta masa BIOS. Haka abin yake tsakanin allunan B660 da Z690 da furosesocin Intel ƙarni na 13. Kaya yakan daɗe a shago kafin ya iso hannunmu, don haka ka shiga shafin kamfanin ka duba jerin furosesocin da allon yake karɓa. Wasu alluna suna da maɓalli a baya na sabuntawa ko babu hoto: ASUS suna ce masa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Za ka sa fayil ɗin a filashi mai tsarin FAT32, ka canza masa suna yadda littafin ya ce, ka jona a ramin da aka ware, ka danna, ka jira fitilar ta daina ƙiftawa. Don Allah kada ka yi wannan aiki a kan wutar NEPA tsura. In aka ɗauke a tsakiya, allon zai iya zama kwano. Nemi UPS ko inbata mai cikakken caji. Allon da ba shi da maɓallin, sai ka ari tsohuwar furosesa, ko mai gyara ya yi maka.

Ta tashi ta mutu nan take

In fanka ta yi juyi ɗaya ta tsaya, ka zargi haɗuwar wuta. Ƙananan ƙafafun ƙarfen da allo yake zama a kansu dole kowace ta dace da ramin noti. Guda ɗaya da ta yi saura a ƙarƙashi, ko noti da ya faɗa baya, ya isa. In kuwa sai ta yi ɗan lokaci take mutuwa, zafi ne. Cire abin sanyaya furosesa ka duba gindinsa, sau da yawa siririyar ledar da kamfani ya manna tana nan ba a ɓare ba. Goge, ka ɗiga sabon man sanyaya kamar ƙwayar wake, ka ɗaure notinan a gicciye kaɗan-kaɗan ba tare da ƙuntatawa ba, wayar fankar kuma ta shiga CPU_FAN.

Duk abin da ya gagara, fito da allon waje ka ɗora a kan kwalinsa, ba a kan ledarsa mai ƙyalli ba. Furosesa, abin sanyaya, ram ɗaya, fawafak, monita, sai katin hoto in ya zama dole. Ka tashe ta da sukudireba. In hoto ya fito, sai ka riƙa mayar da sauran kayan ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Furosesa ita ce ƙarshen abin da za ka ɗaga. A AM4, tsohon gurbin AMD, alluran suna jikinta, kuma takan manne ta biyo abin sanyaya, don haka ka ɗan murza shi kafin ka ja. A AM5 da LGA1700 alluran suna cikin gurbin allo. Haska su ta gefe da fitilar waya, wadda ta lanƙwashe za ka ga ƙyallinta ya saɓa wa na 'yan'uwanta. Ka tabbatar alamar kusurwa uku ta furosesa ta dace da ta gurbin.

BIOS ya fito, Windows ta ƙi

Wannan mai sauƙi ne. Sabon SSD, wato faifan ajiya, babu komai a cikinsa, don haka saƙon babu abin tashi ba matsala ba ce. Haɗa filashin girka Windows mai girman 8GB ko fiye, ka zaɓe shi a jerin tashi. In BIOS bai ga faifan ba, sake zaunar da shi, ka kuma duba littafi, don a wasu alluna sa ɗan siririn faifan M.2 yana kashe wasu ramukan SATA da ake jona faifai da waya. Windows 11 tana neman wani tsarin tsaro, TPM 2.0, wanda AMD suke kira fTPM, Intel kuma PTT, sai ka kunna shi a BIOS. XMP ko EXPO, saitin ƙara wa ram gudu, kuwa ka bar su a kashe har ka gama girkawa.

In ka bi duk wannan ka zargi abu ɗaya, ari irinsa mai aiki a wurin aboki ka gwada, naka kuma ka sa a tasa kwamfutar. In ya ƙi a can ma, ɗauki hoton lambarsa da na fitilar da ta tsaya, ka haɗa da rasit da kwalinsa. In allo ne, mayar da baƙin murfin robar da ya zo a kan gurbin furosesa kafin ka kai shi, don masu sayarwa da yawa ba sa karɓa in babu shi.