Yadda Mai Cike Takardun Haraji a Amurka Zai Isar wa Kwastoma Rarar Kuɗinsa

Kafin ka zaɓi hanya, ka san ƙa'idar da ba a ketarewa: rarar harajin da hukumar haraji ta Amurka, IRS, za ta mayar ta kwastoma ce, kada ta bi ta asusunka ko na ofishinka, ko da shi ne ya roƙe ka. Dokar haraji ta tarayya, sashe na 6695(f), ta sa tara kan mai cike takardu da ya sa hannu a bayan cakin kwastoma ko ya canza shi. Tarar ta faro daga dala 500 kan kowane cak, ana kuma ƙara ta daidai da hauhawar farashi.

Hanya mafi sauri ita ce zuba kuɗin kai tsaye a asusun banki. Idan ta intanet aka tura takardun kuma babu matsala, yawancin rarar kan fito cikin kwana 21. Abu biyu za ka rubuta: lambar bankin mai lambobi 9, da lambar asusun, wadda ba ta wuce gurbi 17. Lambobi biyu na farkon lambar banki dole su kasance tsakanin 01 da 12, ko 21 da 32. In ka ga ta fara da 5, to an kwafo ta ne daga takardar ajiyar kuɗi, ba ita ake nema ba. Ka ɗauke ta daga ƙasan caki ko daga manhajar bankin, kuma kada ka haɗa lambar cakin da ta asusun, wannan kuskure ya yi yawa. Ka karanta wa kwastoma lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa hannu a fom 8879, takardar da ke ba ka izinin tura takardunsa ta intanet.

Ga dalilin wannan tsanani. In lambar ba ta dace da kowane asusu ba, banki zai mayar wa IRS kuɗin, sai jira ya tsawaita. In kuwa ta dace da asusun wani, banki ya karɓa, IRS ba ta da ikon tilasta masa ya dawo da su. Sai a cike fom 3911 a nemi bin sawu, banki kuma yana da har kwana 90 kafin ya amsa.

Asusun ya kasance da sunan kwastoma, ko na mijinta ko matarsa, ko na haɗin gwiwarsu, kuma a bankin Amurka. Wanda yake son kuɗin su isa Kano ko Yamai, sai sun sauka a asusunsa tukuna ya tura da kansa. Kuma asusu ɗaya ba ya karɓar rara fiye da uku a shekara, ta huɗun ba za ta shiga ba. Mai son raba kuɗin, wani kaso na cefane wani na ajiya, fom 8888 ya ba shi damar rarraba su a asusu har uku.

Sai kwastoman da ba shi da kuɗin biyanka nan take. Hanyar halal ita ce asusun wucin gadi da wani banki mai wannan hulɗa, kamar Republic Bank ko Pathward, zai buɗe da sunansa. IRS ta zuba rarar a can, banki ya cire ladanka da nasa, ya tura masa ragowar ta asusunsa, ko kati, ko cakin da za ka buga a ofis. Ka faɗa masa ƙarara cewa wannan ba ya sa kuɗin su zo da wuri, sai ma ƙarin caji. Ka rubuta masa nawa za a cire, ya gani da idonsa.

Bashin da ake bayarwa kafin rara ta fito wani abu ne daban. Wasu ba ruwa a kansa, wasu da ruwa, don haka mai gudun riba ya karanta yarjejeniyar kafin ya amince.

Cakin takarda da IRS ke aikowa kuwa ƙarshensa ya zo. Bisa umarnin shugaban ƙasa na watan Maris 2025, IRS ta fara janye shi daga 30 ga Satumba 2025. Wanda ba shi da asusu, ka taimaka masa ya buɗe, ko ya samu katin da ke da lambar banki da ta asusu.

Abu biyu ke jawo rigima a ofis, gara ka faɗe su tun ranar farko. Wanda ya nemi tallafin masu ƙaramin albashi, EITC, ko ƙarin tallafin yara, ACTC, dokar PATH ta 2015 ta hana sakin rararsa gaba ɗaya kafin 15 ga Fabrairu, ko da tun Janairu aka tura. Wanda kuma ake binsa kuɗin kula da yara ko harajin jiha, baitulmali zai zaftare kafin kuɗin su iso. Idan miji da mata sun cike takardu tare kuma bashin na mijin ne kaɗai, matar na iya neman kasonta da fom 8379.

Ka ba shi ainihin adadin rarar a rubuce, domin shafin IRS na bin sawun rara, Where's My Refund, yana neman sa tare da lambar shaidarsa ta haraji, SSN ko ITIN, da matsayin da aka cike takardun da shi, kamar mai aure ko marar aure. Bayanin kan bayyana awa 24 bayan IRS ta karɓi takardun ta intanet.