Yadda Ake Tara Mujallun Zanen Ban Tsoro Masu Maki

A Amurka, labarin da ake bayarwa da zane a cikin mujalla, wanda ake kira komik, yana da kasuwarsa ta masu tarawa, kuma ɓangaren ban tsoro na cikin waɗanda suka fi jan hankali. Marvel da DC ne manyan gidajen bugawa, amma yawancin labaran fatalwa da matattu masu tashi da masu shan jini da aka fi nema daga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suka fito, irin su Image, Dark Horse, IDW, BOOM! Studios da Caliber. Wannan yana da asali. A 1954 masu buga komik suka kafa hukumar tace kansu, wadda ƙa'idojinta suka durƙusar da mujallun ban tsoro na kamfanin EC. Daga baya ƙananan gidaje ne suka riƙa ɗaukar irin wannan labari, su buga kwafi kaɗan. Ƙarancin kwafin nan shi ne tushen tsadar.

"Mai maki" kuma na nufin an aika mujallar ga kamfanin tantancewa, ƙwararru sun duba ta shafi-shafi, sun ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sannan sun rufe ta a kwanson roba mai tauri da takardar shaida a samansa. CGC, wanda ya fara aiki a 2000, mai hedikwata a Sarasota ta jihar Florida, shi ne ya fi karɓuwa a kasuwa. CBCS ya biyo baya a 2014. Makin yanayin takarda kawai yake faɗa maka. Bai ce mujallar tana da daraja ba, bai kuma ce farashin da aka sa mata daidai ne ba. Wannan aikinka ne.

Mataki na farko: ka yi wa kanka iyaka

Kada ka ce duk abin da ke da ban tsoro za ka saya, aljihu ba zai ɗauka ba. Ka zaɓi layi ɗaya: fitowa ta farko ta kowane jeri, ko aikin mai zane ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko shekaru goma ƙayyadaddu. Ka rubuta sunaye goma zuwa goma sha biyar, kowanne da shekararsa da mafi ƙarancin makin da za ka karɓa.

Makin da ya dace ya danganta da shekarun mujallar. Wadda aka buga daga 2000 zuwa yau, masu saye 9.8 suke nema, domin tun ranar fitowarta mutane ke sa ta a leda. Da ta sauko 9.4 sai farashi ya faɗi warwas. Amma ta shekarun 1980, wadda ƙaramin kamfani ya buga a kan takarda mai araha, 8.0 ko 9.0 ma abin riƙewa ne. Ta shekarun 1950 kuwa, ko 4.0 ka samu ba ka yi faɗuwar baƙar tasa ba.

Mataki na biyu: ka san bugun da kake nema

A nan sabon shiga ya fi yin asara. Mujalla ɗaya tana iya fitowa da bango iri-iri da bugu iri-iri, sunan ɗaya, lambar ɗaya, amma farashin ya bambanta nesa ba kusa ba. The Walking Dead ta ɗaya, wadda Image ya fitar a Oktoban 2003, baƙi da fari ce a ciki, kuma dala 2.95 aka rubuta a bangonta. An sake buga ta sau da dama, ciki har da bugun Image Firsts na dala ɗaya, da kuma bugu mai launi a 2020. The Crow ta ɗaya, ta kamfanin Caliber a 1989, tana da bugu na biyu da na uku. Something is Killing the Children ta ɗaya, ta 2019, an maimaita buga ta sau da yawa, kowane bugu da farashinsa.

A mujallun zamani, ka dubi lambobi biyar da ke gefen dama na layukan farashi, waɗanda na'urar kanti ke karantawa. Uku na farko lambar fitowa ce, ta huɗu nau'in bango, ta biyar kuma bugu. Idan ka ga 00111, fitowa ta ɗaya ce, bango na farko, bugu na farko. Idan 00112 ce, bugu na biyu ne. Tsofaffin mujallun ƙananan kamfanoni da yawa ba su da waɗannan layuka. A nan sai ka nemi ƙananan rubutun bayanin mawallafi, yawanci a cikin bangon gaba ko ƙasan shafin farko, inda ake faɗin shekara da bugu. Idan mujallar tana cikin kwanso ba za ka iya buɗe ta ba, amma kamfanin tantancewa kan rubuta bugu na biyu ko na uku a kan takardar shaida. Ka karanta ta baƙi bayan baƙi.

Akwai kuma bangon da ake ba mai kanti kwafi ɗaya idan ya yi odar 25, ko 50, ko 100 na bangon gama-gari. Za ka ga an rubuta 1:25 ko 1:100. Suna tsada a makon fitowa, amma da yawansu kan sauko idan ɗoki ya lafa. Wanda ya yi haƙurin 'yan watanni ya fi samun sauƙi.

Mataki na uku: karanta takardar shaida

Launin takardar CGC magana ce. Shuɗiya ita ce ta gama-gari, ba a taɓa mujallar da wani gyara ba. Rawaya tana nuna sa hannun marubuci ko mai zane da aka yi a gaban wakilin kamfanin. Shunayya tana nuna an yi wa mujallar kwaskwarima: an cike launi da alƙalami, ko an sa gam a tsaga, ko an datse gefe da reza don ya miƙe. Koriya kuma tana nufin akwai wani babban aibi da aka ware gefe kafin a ba da makin, kamar shafin da aka yanke wani abu daga cikinsa. Mujalla mai shunayya ko koriya tana kasa mai shuɗiya a farashi ƙwarai, ko da lambar makin ɗaya ce. Idan ka ga 9.2 da arahar da ta ba ka mamaki, launin takardar za ka fara dubawa.

A ƙarƙashin makin ana rubuta launin shafukan ciki, daga fari tas, zuwa mai ɗan dishi-dishi, zuwa ruwan madara, har zuwa wanda ya yi ruwan ƙasa yana neman karyewa. Ga tsohuwar mujalla wannan yana da nauyi, domin takardar da ta fara bushewa ba ta dawowa.

Mataki na huɗu: ka tabbatar da kwanson

Kowane kwanso yana da lambar shaida. Ka shigar da ita a shafin intanet na kamfanin, ka ga ko suna, lambar fitowa, maki da launin shafi sun yi daidai da abin da ke gabanka. Idan akwai hoton mujallar a can, ka gwada shi da na mai sayarwa: inda wayar ɗinki ta zauna, yadda aka yanka gefen bango, wani ɗan ɗigo a kusurwa. Kwafi biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Wannan binciken ba ɓata lokaci ba ne. A ƙarshen 2023 an gano cewa wasu sun riƙa buɗe kwanso suna musanya mujallar ciki da wadda ba ta kai ta ba, kuma CGC da kansa ya fitar da jerin ɗaruruwan lambobin da abin ya shafa. Don haka ka nemi hoton gefuna huɗu na kwanson. Tsaga, ko alamar gam, ko farin tabon roba da aka ɓanɓare, duk dalili ne na fasa ciniki.

Wani abu da kan tsorata sabon shiga alhali ba aibi ba ne: zobba masu launin bakan gizo, kamar mai a kan ruwa, da ke bayyana a fuskar kwanson. Robar ciki ce ta manne da ta waje. Ba su taɓa takardar ba.

Mataki na biyar: farashi

Abin da mai kaya ya yi wa kuɗi ba shi ne farashi ba, abin da aka biya shi ne farashi. Ka duba cinikin da aka kammala a kasuwar intanet ta eBay, da sakamakon gwanjon Heritage ko ComicLink, da shafukan da ke tattara tarihin ciniki kamar GoCollect da GPAnalysis. Ka ɗauki ciniki biyar na baya-bayan nan, masu bugu ɗaya, maki ɗaya, launin takarda ɗaya, ka yar da mafi tsada da mafi araha, ka tsaya a tsakiyar sauran.

Ka duba ƙidayar CGC, wadda ke nuna kwafi nawa suka samu kowane maki. Idan dubbai ne suka samu 9.8, kada wani ya ce maka abu ne mai wuyar samu. Amma ƙidayar ba ta cika daidai ba, domin wasu kan fasa kwanso su sake aika mujallar da fatan ƙarin maki, sai a ƙirga kwafi ɗaya sau biyu. Sannan ka guji saye a makon da aka yi sanarwar za a mayar da labarin fim. Lokacin ne kowa ke rububi, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Mataki na shida: idan kai za ka aika a ba da maki

Sayen wadda aka riga aka rufe ya fi sauƙi, sau da yawa ma ya fi araha. Amma idan kana da kwafi tsirara da kake kyautata wa zato, ka fara zama alƙalin kanka.

Ka wanke hannu ka shanya, ka shimfiɗa mujallar a tebur mai tsabta, ka haska fitila daga gefe, ba daga sama ba. Hasken gefe ne ke tono lotsawa da lanƙwasa. Gadon bayan mujallar, inda aka naɗe ta aka ɗinke da waya biyu, shi za ka fi zuba wa ido. Mujallun ban tsoro suna son baƙin bango, kuma baƙin tawada ba ya rufa asiri. Ɗan lanƙwasa da ba za a gani ba a farin bango, a nan sai ya fito kamar an ja farin zare a kan baƙin yadi, domin tawadar ta tsage, farar takardar ƙasa ta leƙo. Yatsa mai maiƙo yana barin sawu. Gogayya da wata mujalla a cikin kwali tana dusashe sheƙin. Irin waɗannan fararen tsage guda uku ko huɗu sun isa su raba ka da 9.8. Bayan gadon baya sai kusurwoyi huɗu, ko sun yi tsini ko sun dakushe. Sai wayoyin ɗinki, ko sun yi tsatsa ko sun yaga takarda. Sai ka ƙirga shafuka, ka tabbatar na tsakiya bai saki ba.

Ana iya yi wa mujalla guga da na'ura mai zafi da danshi daidai gwargwado, kuma CGC ba ya ɗaukar guga ko goge datti a bushe a matsayin kwaskwarima. Guga tana kwantar da lotsawa da lanƙwasar da ba ta fasa launi ba. Wadda ta fasa launi kuwa ta zauna ke nan. Kada ka gwada da dutsen gugar gida, zafinsa yana narka sheƙin bango ya bar takarda tana igiyar ruwa. Kada kuma ka ɗauki baƙin alƙalami ka cike farin tsagen nan. Masu tantancewa suna gane shi, takardar shunayya za ta biyo baya.

Kafin ka aika, ka haɗa lissafi: kuɗin tantancewa, na guga, na aikawa da dawowa, da inshora. Ka gwada jimillar da farashin mujallar a maki ɗaya ƙasa da wanda kake fata. Idan a 9.6 za ka faɗi, to bar ta a ledarta.

Wajen ɗauri, kowace mujalla ta shiga leda da kwalin goyon baya marar asid. Ka haɗa su, ka sa tsakanin kwalaye biyu masu kauri da suka fi su faɗi da kamar santimita biyu ta kowane gefe, ka ɗaure da tef ɗin takarda mai sauƙin ɓarewa, ka naɗe da leda mai kumfa, ka sa a akwatin kwali. Ka girgiza shi. Idan ka ji motsi, ƙara ciko.

Mataki na bakwai: ajiya

Kwanson yana kare mujalla daga hannu da lanƙwasa, amma iska tana shiga, ruwa yana shiga, haske ma yana ratsa shi. Wadda aka rataye a bango tana kallon taga, cikin 'yan shekaru janta zai koɗe, kuma ja ne rabin kwalliyar bangon ban tsoro. Abin da ake so shi ne wuri mai duhu, zafi kusan digiri 18 zuwa 21, danshi kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, ba tare da hawa da sauka ba.

Ga wanda zai kawo su ƙasa mai zafi irin tamu, wannan shi ne babban aiki. Zafin bazara a ɗakin da ke ƙarƙashin kwano yana gaggauta tsufan takarda, danshin damina yana sa wayoyin ɗinki tsatsa ya kawo fumfuna, gara kuma ba ta san maki ba. Ka zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka nisanta shi da bangon da ke jiƙa. Ka sa kowane kwanso a ledarsa don ƙurar hunturu da karce, ka jera su a tsaye ba tare da sun jingina a karkace ba. Ka jefa ƙunshin sinadarin tsotse danshi a akwatin, irin wanda ke zuwa a kwalin sabon takalmi, da ƙaramin ma'aunin danshi. Idan ma'aunin ya haura 60, ka canza ƙunshin.

Idan kwanso ya faɗi ya tsage, kada ka liƙe shi da gam, domin mai saye zai ɗauka an buɗe shi ne. Kamfanin yana karɓa ya sauya sabon kwanso a kan kuɗi ƙasa da na sabon maki, kuma makin kan tsaya yadda yake muddin robar ciki ba ta buɗe ba, faɗuwar kuma ba ta taɓa mujallar ba.