Darasi na 7: Wa ya ɓata mana damina?

Toh jama'a, darasin yau kan gardamar nan ne da ba ta ƙarewa a majalisa in an zauna shan jabana, wato gahawa, bayan la'asar. A nan Sudan, Maiurno ne ko Gadarif kukan ɗaya ne, damina ba ta zuwa a lokacinta, in ta zo kuma sai ta zo da ambaliya. A karanta a hankali, wanda ya gama ya taimaki na kusa da shi.

Kawu ya ce: "Kai yaro, ruwa na Allah ne. Farin 1984 da idona na gani, shanu na faɗuwa a hanya, lokacin motoci nawa ne a garin nan?"

Ɗan ƙanwarsa ya ce: "Haka ne Kawu, amma ai Allah da kansa ya faɗa a Suratur Rum aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata."

Kawu bai yi ƙarya ba, fari tsohon abu ne. Amma yaron ya fi shi hujja. In an ƙona fetur da gas da kwal ana sakin wata iska da ake ce wa kabon, ita kuma sai ta taru a sama ta riƙe zafi kamar bargo. Kafin zuwan masana'antu kabon ɗin kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sama, yanzu ta haura 420, zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Kuma ba sai motar tana garinku ba, hayaƙin Amurka da Sin da Turai ba ya neman biza. Iska mai zafi ta fi tsotse danshin gona, kuma ta fi ɗaukar ruwa, shi ya sa dawa ke yaushi tun ba ta fidda kai ba sannan rana ɗaya ruwan ya sauko gaba ɗaya. Ku tuna 2020 da Nilu ya yi cikar da aka yi kusan shekara 100 ba a ga irinta ba, gidajen laka suka zube a Sinnar da Khartum.

Abin da ke min ciwo, Afirka duka hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba amma mu ke shan wahalar. An yi yarjejeniyar Faris ta rage hayaƙin nan a 2015, manyan ƙasashe har yau jan ƙafa suke. Wannan kam ya fi ƙarfin ajinmu.

Dakwarar da ke bakin gonarka fa, ita ba ta fi ƙarfinka ba. Tana riƙe ƙasa, tana ƙara wa gona ƙarfi, ga ƙaro ka sayar duk shekara, don Allah a daina mayar da ita buhun gawayi.

Aikin gida: ka tambayi wani dattijo a wane wata ake shuka da yana yaro, ka rubuta amsarsa layi 3. Sannan ka ƙirga itatuwan gonarka ka rubuta adadin da lamba, mu gani ranar Asabar.