Kurakuran da ake yi wajen sake makullin mota da rimot

Makullin yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau abu uku ne a jiki ɗaya. Akwai ƙarfen da ake yankawa, mai shiga ƙofa ya murɗa. Akwai rimot mai buɗewa da kullewa daga nesa, wanda batir ke tafiyar da shi. Sai kuma ɗan cip da ke ɓoye cikin robar kan makullin, shi babu ruwansa da batir, kuma shi ne ke shaida wa kwamfutar mota cewa makullin nata ne. Akasarin kuɗin da mutane ke zubarwa a wannan harka, rashin bambance ukun nan ne ke jawo shi.

Mutum zai je wurin mai yankan makullin gida a yi masa kwafi a kan ƙarfe zalla. Ƙofa ta buɗe, sitiyari ya saki, ya murɗa, sitata ta yi ta juyawa amma inji ya ƙi kamawa, ko ya kama na daƙiƙa biyu ya mutu. Daga nan sai a kira bakanike, a fara zargin famfon mai, a canza fulogi, alhali ga wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ta ƙiftawa a dashbod ba wanda ya kula ta. Ma'anarta mota ba ta gane makullin ba, don haka ta hana mai ko wuta isa inji. Jamus da Birtaniya sun wajabta wannan tsaro a sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi a 2007. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa ake samun wasu Hyundai da Kia na can, ƙirar 2011 zuwa 2021 masu makullin murɗawa, da babu cip a cikinsu. Saboda haka kada a yi kirdado da shekarar mota. Mai sana'ar saita makullin mota yana da 'yar na'ura da zai zura makullin a ciki, nan take ta nuna ko akwai cip da kuma irinsa.

Zama da makulli ɗaya

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma a ganina shi kaɗai ya fi sauran duka tsada. Motocin Kwatano da na Legas sukan iso da makulli guda, mai saye ya karɓa yana murna, ya yi shekaru bai sake tunanin maganar ba. Muddin akwai makulli mai aiki a hannu, ƙara na biyu aiki ne na ɗan lokaci: a jona na'ura a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a yi wa sabon rajista. Wasu motocin Ford na Amurka ma, in kana da makulli biyu masu aiki, kai da kanka za ka iya saita na uku ba tare da na'ura ba. Ranar da ɗayan ya ɓace kuwa labari ya canza. Sai an buɗe ƙofa da dabara, an karanto tsarin haƙoran daga jikin kwaɗon, sannan a fara fama da kwamfuta. A tsofaffin Toyota na farkon shekarun 2000 sau da yawa sai an ciro kwamfutar, wadda bakanikai ke kira birenbos, an sake mata rubutu ko an sayi wata.

Masu Toyota su duba launin makullinsu. Baƙi shi ne uban makulli, ruwan toka kuma na ba mai wanki ko mai gadi ne: yana tayar da mota, amma a motoci da dama ba ya ba da izinin ƙara wani. Wanda ruwan tokan kaɗai ya rage masa, kusan matsayinsa ɗaya da wanda ba shi da komai. Peugeot irin su 406 da 307 suna zuwa da kati mai lambar sirri ta haruffa huɗu, da ita ake saita makulli, kuma katin ne ke fara ɓacewa in mota ta canza hannu. Wasu kamfanonin ɗan guntun ƙarfe suke liƙawa a zoben makulli mai ɗauke da lambar yanka. A ɗauki hotonsa, a ajiye shi a gida tare da takardun mota, kada a bar shi rataye da makullin da zai iya ɓacewa tare da shi. Mercedes na shekarun baya-bayan nan kuwa, sai ta hannun dillalin kamfani da lambar casis mai haruffa 17 da shaidar mallaka, a kuma jira.

Sayen rimot da ido

Rimot biyu na iya zama iri ɗaya sak a fuska, tambari ɗaya, madannai ɗaya, amma cikinsu daban. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka galibi rimot ɗinsu na aika sigina a zangon 315 MHz, na Turai kuma 433 MHz. Da yake kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas kaya daga ko'ina suke karɓa, abu ne mai sauƙi mai Camry 'yar Amurka ya ɗauki rimot ɗan Turai, a kwana ana saitawa bai amsa ba. A juya bayan tsohon rimot, ko a buɗe cikinsa, a kwafi lambar da ke rubuce. Na Amurka za a ga FCC ID kafin lambar. Ita za a nema, ba siffa ba. A Toyota a duba gindin ƙarfen ma: wani ɗigo ne a jiki, wani harafin G, wani H, kuma cip ɗinsu ba sa maye gurbin juna.

Rimot da aka riga aka yi amfani da shi na motocin da ake tayarwa da madanni yana da nasa tarkon. Da zarar an yi masa rajista da mota ɗaya ya kulle kansa a kanta, wata ba za ta karɓe shi ba sai an wanke shi da na'ura, kuma ba kowane iri ke wankuwa ba. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, tambayi mai saitawar ko zai iya da shi, ko ka bar shi ya kawo nasa, in ya ƙi aiki asarar tasa ce.

Sauya gida da batir

Roba ta fashe, an sayo sabon gida, an ɗauke allon rimot an mayar ciki, an jefar da tsohon. Ƙofa na buɗewa da madanni, mota ta ƙi tashi. A makullai da yawa cip ɗin ba ya jikin allon. Yana can cikin wani ɗan lungu na tsohuwar robar, baƙi ko na gilashi, bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, wani lokaci an liƙe shi da gam. A yanke robar da ke kewaye da shi a hankali da reza, kada a ɓanɓaro shi da sukundireba, na gilashin yana fashewa. Kada tsohon gida ya shiga shara sai mota ta tashi da sabon.

Akwai masu wayarin da za su ce, "Alhaji, bar wahalar nan, bari in naɗe cip ɗin da salatif a jikin wurin makulli, kowane ƙarfe ka yanka zai tashe ta." Gaskiya ne zai tashe ta. Na ɓarawo ma haka.

Rimot da ya rage nisa, sai an matso kusa an danna sau uku, batir yake so ba sabo ba. Lambar tana jikin tsohon: CR2032, CR2025, CR2016, CR1632 ko CR1616. Duk bolt 3 ne, faɗi da kauri suka bambanta. CR2032 kaurinsa milimita 3.2, CR2016 kuwa 1.6, don haka siririn zai yi ta lilo a gurbin mai kauri, mai kaurin kuma ya tanƙware ƙarfen da ke riƙe shi. A lura da ɓangaren da ke da alamar + kafin a cire. Tsohon kuma a yar da shi inda yaro ba zai tsinta ba, haɗiye shi na ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

In batirin ya mutu a hanya babu dalilin kiran motar ja. A motar da ake tayarwa da madanni, cikin rimot akwai siririn ƙarfe da ake zarowa a buɗe ƙofar direba, ko da ramin na ɓoye ƙarƙashin murfi a hannun ƙofa. A ciki sai a taka birki, a kara rimot ɗin a jikin madannin tayarwa a danna. Wasu motocin wani gurbi suka tanada, littafin mota zai nuna shi. In ruwa ne ya shiga, a cire batir nan take, a bar dannawa, a goge allon da sifirit, ya bushe sarai.

Makullin da ya ɓace yana nan da rai

An yi sabo, hankali ya kwanta, an manta cewa wanda ya faɗi a kasuwa ko ya tafi da direban da aka sallama har yanzu yana tayar da motar. Dole a ce wa mai saitawa ya goge shi daga kwamfuta. Ranar a zo da duk makullan da ke gida, domin wanda ba ya wurin zai daina aiki. A nan ne bambancin kwafin cip da sabuwar rajista ke fitowa. Kwafi tagwaye ne, mota ba ta iya bambance shi da na asali, don haka in ɗayansu ya ɓace ba a iya goge shi sai an haɗa da wanda ke hannunka. Gogewar kuma ba ta hana ƙarfen buɗe ƙofa. In sace makullin aka yi, ba faɗuwa ba, a canza kwaɗon ƙofa ma.

Kada a yanka sabo daga makullin da haƙoransa suka cinye, kuskuren tsohon zai gada, a yanka da lamba in akwai. Batirin motar ma ya zama da caji lokacin saitawa, in wuta ta yanke ana tsaka da rubutu kwamfutar na iya rikicewa. Kafin kuɗi ya bar aljihu a gwada sabo da tsoho ɗaya bayan ɗaya: ƙofar direba, but, kowane madanni, sannan a tayar da inji a bar shi yana aiki. Lokacin gwada sabon a kai tsohon can nesa da motar, domin a motar da ake tayarwa da madanni, in yana aljihunka shi motar za ta ji, ka tafi gida da makullin da ba a saita ba.