Yadda za ka gina kufan wata daula a can cikin taurari, labarin bai koma na aljanu ba

Satin da ya wuce wata ƙanwata da ke karatu a nan Gombe ta turo min feji goma sha biyu na labarin da take rubutawa, wai wasu matafiya ne suka sauka a wata duniya mai nisan gaske inda wata babbar daula ta wasu halittu ta taɓa mulki kafin ta ɓace. Wlh na ji daɗi, don an gaji da labarin kishiya da Alhaji da 'yar aiki. Amma tun feji na uku na ga inda gizo ke saƙar, fadar halittun nan tas take kamar yau aka share, fitilu na ci, ƙofa na buɗe kanta, sai ga wata murya wai "ku fice min daga gida". Na ce mata ke, ai wannan aljanun kan tsamiya ne kika saka musu rigar ƙarfe. Abin da na faɗa mata ne zan maimaita a nan ko wani zai amfana.

Ka fara da tauraron tukuna, ka ƙyale halittun. Ita kanta ranar nan tamu tauraruwa ce, kuma irin ranar da ka ba su ita za ta yanke yadda suka rayu. Mafi yawan taurari ƙanana ne jajaye marasa zafi sosai, kamar garwashi, don haka duniyar da ke son ɗumi dole ta matso kusa. Akwai na gaske da za ka ɗauki darasi a kai, TRAPPIST-1, a 2017 aka sanar cewa duniyoyi bakwai ke zagaya shi, duk a cunkushe, ta ciki shekararta kwana ɗaya da rabi ne kacal, ta can waje kuma wajen kwana 19. Toh duniyar da ta matso haka yawanci fuska ɗaya take juya wa ranarta har abada, kamar yadda wata ke nuna mana fuska ɗaya kullum, kenan gefe guda rana ba ta faɗuwa ɗaya gefen kuma dare ba ya wayewa, wurin zama sai siririn tsakanin nan da kullum magariba ce. Ka ga tun a nan ka samu daula, biranenta a jere suke kamar ɗamara, ba su san "gobe da safe" ba, ba su da kalmar asuba. In kuma kana son rana biyu wannan ma akwai, Kepler-16b da aka gano a 2011 taurari biyu take zagayawa, a duniya mai rana biyu in mutum ya tsaya inuwarshi biyu.

Sai nisa, nan ne mutane ke kwafsawa. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan kai. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, sai haske ya yi shekara huɗu da ɗoriya kafin ya iso, TRAPPIST-1 kuwa wajen shekara 40. Kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977 in da can Proxima ya nufa sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Ba na ce kar ka ƙirƙiro wata dabarar tafiya ba, labari ne ai, amma ka kafa mata doka ka riƙe dokar, ba yau tafiyar shekara goma gobe kamar an hau Keke daga Tashan Dukku zuwa Pantami ba. Kuma nisan nan riba ce gare ka. A ce sarki ya aika wa hakiminshi saƙo ta rediyo, saƙon ya yi shekara 40 a hanya amsa ta yi wata 40, yaushe rabon hakimin nan da jin tsoron fada, ai tuni ya naɗa wa kanshi rawani.

Wannan ya kawo mu kan yadda suka ɓace. Kowa yaƙi yake rubutawa, bam ɗaya kowa ya mutu. Ni kam na fi son a duba gida. Gombe Abba ce hedikwatar masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa, ba wanda ya ƙone ta, Turawa ne suka ɗauke fada suka kai Nafada a 1913, daga baya aka dawo da ita inda Gombe take yanzu a 1919, sai hanya ta kauce, kasuwa ta bi hanya, jama'a suka bi kasuwa. Haka manyan wurare ke yin sanyi, sannu a hankali. Ka zaɓi dalili guda, ko tauraronsu ne ya riƙa tartsatsi (jajayen ƙananan nan sun shahara da haka) har ya cinye iskar duniyar, ko ruwa ya janye, ko hakimai suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, ko kawai ƙaura suka yi. Kai ka san dalilin, ka rubuta a wata takarda ka ɓoye, kar ka bari wani a labarin ya tsaya ya karanto shi kamar wa'azi.

Yanzu wurin da na fi so, me zai saura. Duk wanda ya taɓa shiga kufai ya san ba fada ke daɗewa ba. Ginin ƙasa in ba a yaɓe ba damina kaɗan ya zube ya zama tudu, ƙarfe ya yi tsatsa, gara ta ci azara, abin da kake tsinta shi ne fasassun tukwane, dutsen niƙa, bakin rijiya, juji. Ka je Yankari, banda giwaye da ruwan Wikki akwai tsofaffin rijiyoyin Dukkey sama da ɗari, akwai koguna da aka sassaƙa a jikin dutse, akwai ragowar matoyar ƙarfe da kashin maƙera, mutanen sun tafi amma wannan kaɗai ya ishe ka sanin sun sha ruwa, sun ɓuya, sun yi ƙira. Mutum-mutumin Nok ma don gasasshen yumɓu ne ya sa suka haura shekara 2,000. Toh ka yanke shekarun ɓacewar daularka, in dubu ce gini zai tsaya a karkace, in miliyan ce a duniya mai iska da ruwan sama kusan ba abin da zai rage a sarari sai an tona. Dabarar ita ce ka kai muhimman abubuwan kan watansu inda ba iska ba ruwa, don sawun da 'yan sama jannati suka bari a kan watanmu a 1969 ba iskar da za ta share shi. A can matafiyanka za su ga sawu, sawun wani abu da ba ƙafa biyu gare shi ba, ya tafi bai dawo ba.

Kar ka zana halittun, ka bar gini ya yi magana. Ƙofa gajera mai faɗi, ba matakala ko ɗaya sai gangara, mariƙi uku a jikin murfi, ba taga. Mai karatu da kanshi zai haɗa jikinsu a ranshi kuma nashi zai fi naka ban tsoro. Tunda jan tauraro yawancin haskenshi irin wanda idonmu ba ya gani ne, za ka iya sa bangon ya zama fili ba komai, sai wata ta duba da kyamarar zafi ta ga ashe duk rubutu ne tun daga ƙasa har sama. Amma dan Allah kar a karanta rubutun nan cikin kwana biyu, harshen da ba mai jin shi ba a fassara shi da wuri haka.

Suna kuma, a daina jera baƙaƙe X da Z. Masana lamba suke sa wa tauraro, jama'a kuwa laƙabi suke sawa, kamar yadda muke da Zara matar wata, da Gamzaki, da Kaza da 'ya'yanta. A takarda lamba, a bakin direban kumbo "Garwashi", shikenan. Sunan da halittun ke kiran kansu ba dole a sani ba.

Matafiyan su zama namu, mai fulas ɗin shayi, mai kiran babba Hamma ko Adda ko da a cikin kumbo ne, mai kewar dambu da kindirmo. Za su yi gardamar lokacin salla a wurin da rana ba ta faɗuwa, da ina alƙibla take, ka bar su su yi gardamar yadda mutane ke yi amma kar ka zauna kana ba da fatawa, in kana son amsa ka tambayi malamai.

Jiya ta sake turo min gyaran. Ta kashe fitilun, ta cire muryar, yanzu feji na uku wata injiniya ce durƙushe a bakin wani rami tana ƙirga zaraɗen da igiya ta ci a jikin dutse, ta kai ɗari biyu ba ta gama ba. Na ce ta ci gaba, amma ta rage "hmmm" ɗin nan da take sakawa kowane layi.