Yadda Ake Zaɓa da Haɗa Irin Kaji Masu Sanƙon Wuya

Kaza ba ta gumi. In zafi ya tsananta sai dai ta buɗe baki tana haki, ta rage cin abinci, ƙwai ya ja baya. Mai sanƙon wuya ta fi jure wannan, domin zafin jikinta na fita ta fatar da ba gashi. Mai kiwo a ƙasa mai zafi bai kamata ya raina ta don muninta ba.

Da farko, ka tabbatar sanƙon na gado ne. Kazar da 'yan uwanta suka fige, ko wadda ƙwari suka ci wa wuya, za ka ga guntayen gashi da ƙuraje ko tabo. Ta gado fatarta sumul take, ga gashin kai zaune kamar hula. Wuyan zakara yakan yi ja wur in yana shan rana, wannan ba cuta ba ce. Haka kuma zancen cewa barbarar talo-talo ce, wanda ya jawo mata sunan Turken a Amurka (daga turkey, wato talo-talo da Turanci), ba gaskiya ba ne. A 2011 masana a cibiyar Roslin ta Sikotland suka nuna cewa sauyi ne kusa da ƙwayar halittar BMP12 yake hana gashin tsirowa.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake, ka dubi gaban wuyan, can ƙasa dab da ƙirji. In ka ga tarin gashi mai kauri, galibi kazar ta gaji sanƙon daga ɓangare ɗaya ne. In wuyan fayau yake, ko ɗan tsiro kaɗan ne, ta gada daga uwa da uba, kuma irin wannan takan rasa kusan kashi 40 cikin ɗari na gashinta. Wannan dubawar ce za ta gaya maka abin da zai fito daga ƙwai. Zakara mai cikakken gado in ya hau kaji masu gashi, duk 'yan tsakin za su fito da sanƙo. Mai rabin gado kuwa kusan rabi zai ba ka. Ka haɗa masu rabin gado biyu, cikin kowane huɗu za ka samu kamar ɗaya cikakke, biyu rabi, ɗaya mai gashi tsaf. Tun ranar ƙyanƙyasa ake gane su, ba sai ka jira sun girma ba. A ganina, zakara cikakke guda ɗaya shi ne sayayyar da ta fi kowace riba, don shi kaɗai zai sauya garken a zubi ɗaya.

Na uku, ka zaɓi iri gwargwadon buƙatarka. Ta Tiransilbaniya, wani yanki na Romaniya, ita ce ta fi suna, tana ba da ƙwai da nama daidai gwargwado, kuma ƙungiyar masu kaji ta Amurka ta karɓe ta a 1965. Faransa na da farar Cou Nu du Forez. Masu neman nama su dubi jajayen da ake kiwo a sake ƙarƙashin Label Rouge, tambarin inganci na Faransa, waɗanda ba a yanka su kafin kwana 81. Brazil ma ta rungumi irinsu. Akwai Kaalnek a Afirka ta Kudu, da Hitcari da Indiya ta samar don kiwon gida. Showgirl kuwa, haɗin Silkie (kaza mai gashi kamar siliki) da mai sanƙo, ta ado ce kawai, kada ka saye ta don ƙwai.

Sai kulawa. 'Yan tsaki suna buƙatar ɗumi sosai a makonnin farko. Manya kuma a ba su inuwa da ruwa mai sanyi, jure zafi ba ya nufin a bar su a tsakar rana. Fifikonsu yakan fito fili ne in zafi ya kai maki 30 a ma'aunin Celsius zuwa sama. Lokacin sanyi sukan ƙara ci don ɗumama jiki, saboda haka a toshe akurki daga iska, a ƙara musu abinci. In ka ga wata ta ji ciwo a wuya, ka ware ta nan take, domin kaji in sun ga jini ba sa daina sara.